Malaminmu Ya Ce Rahotona Tattara Bayani Ne: Ta Yaya Ake Nazarin Kamfani?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina karatun harkokin kasuwanci a jami'a, an ba mu aikin rubuta rahoton nazari a kan kamfani ɗaya daga cikin waɗanda ake sayar da hannun jarinsu a kasuwa. Na sauko da rahoton shekara na kamfanin, na rubuta tarihinsa shafi huɗu, na zana teburin SWOT (wato na ƙarfi, rauni, dama da barazana), na kuma lissafa ma'aunan kuɗi goma sha biyu, irin su kason riba a cikin ciniki. Da na kai wa malaminmu ya duba, sai ya rubuta a kai cewa wannan tattara bayani ne, babu nazari a ciki. Ni kuma ban gane abin da ya rage ba. Don Allah a haska mini.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Malaminka gaskiya ya faɗa maka, kuma ya yi maka gata da ya faɗa tun kafin ranar miƙa aiki. Wahalar da ka sha ba ta tafi a banza ba, domin kayan aiki ka tara. Abu biyu ne babu a rahoton: tambayar da yake amsawa, da hukuncin da kai ka yanke bayan ka duba hujjoji.

A wajen aiki babu wanda ke biyan mai nazari don ya ba shi labarin kamfani. Ana sa shi aikin ne saboda akwai wanda zai yanke shawara, kuma kuɗinsa ko na mutanen da suka ba shi amana na cikin haɗari. Wani yana son ya san ko ya sayi hannun jarin kamfanin. Banki yana son ya san in ya ba da rance na shekara biyar zai dawo. Shugabannin kamfanin kansu suna iya son sanin dalilin da ya sa abokin gogayyarsu ke kwashe musu kasuwa. Kamfani ɗaya ne, takardun ma ɗaya ne, amma rahoton da za a rubuta wa kowannensu daban ne. Mai ba da rance bai damu sosai da ko ciniki zai ninka ba, damuwarsa ko kuɗin ruwa da uwar kuɗi za su fito a kan lokaci. Mai sayen hannun jari kuwa ci gaban da ke tafe yake saye, da farashin da zai biya a kansa. Saboda haka kafin ka sake taɓa rahoton, koma kan takardar aikin da aka ba ku ka duba ko an faɗi wanda za a rubuta wa. In ba a faɗa ba, kai ka zaɓa, ka bayyana shi a shafin farko. Sannan ka rubuta tambayarka a jimla ɗaya, misali: shin wannan kamfani zai iya ci gaba da faɗaɗa rassansa ba tare da bashi ya fi ƙarfinsa ba? Daga nan duk abin da bai taimaka wajen amsa ta ba, a cire shi ko da ka sha wuyar nemo shi.

Tarihin nan mai shafi huɗu shi zai fara tafiya. Rabin shafi ya isa. Abin da za ka bari shi ne wanda ke bayyana halin da kamfanin ke ciki yau, kamar sayen wani kamfani da ya jawo masa bashi, ko sauya sana'a da ya yi. Shekarar da aka buɗe ofishi na biyu ba ta da aiki a nan.

Wurin da ya kamata ka ɓata lokaci shi ne gano inda ribar kamfanin ke fitowa, domin sau da yawa ba daga abin da aka san shi da shi take fitowa ba. Kowa ya san Amazon da sayar da kaya ta intanet. A 2023 cinikinsa ya kai dala biliyan 574.8, kuma sashensa na hayar ma'ajiyar bayanai da ƙarfin kwamfuta, wato AWS, dala biliyan 90.8 kawai ya kawo, kusan kashi 16 cikin ɗari. Amma daga ribar aiki, wato riba kafin a cire kuɗin ruwa da haraji, ta dala biliyan 36.9 da kamfanin ya samu a shekarar, AWS ne ya kawo biliyan 24.6, kashi biyu cikin uku ke nan. Ɗalibin da ya cika rahotonsa da maganar sito-sito da motocin kai kaya, ya ba AWS sakin layi ɗaya, bai gano kamfanin ba. Haka Costco, babban kantin nan na Amurka da sai mai katin zama mamba ke sayayya a cikinsa. A shekarar kuɗinsa ta 2023 kuɗin katin ya kai kusan dala biliyan 4.6, bai cika kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsa ba, amma ya haura rabin ribar aikinsa ta dala biliyan 8.1. Da zarar ka ga wannan, ka san dalilin da ya sa yake sayar da kaya da ƙanƙanuwar riba, ka kuma san cewa alƙaluman da za ka sa wa ido su ne yawan mambobi da yawan masu sabunta katinsu. Irin wannan bayani yana cikin rahoton shekarar da ka riga ka sauko da shi, a ƙarin bayanan da ke bin takardun kuɗi, inda ake raba ciniki da riba sashe-sashe da yanki-yanki. Yawancin ɗalibai ba sa kaiwa wurin saboda rubutun ƙanana ne kuma babu hoto.

Ina ba ɗalibai shawarar su karanta rahoton shekara daga baya zuwa gaba. Shafukan farko, masu hotunan ma'aikata suna murmushi da wasiƙar shugaban kamfani, sashen hulɗa da jama'a ne ya tsara su, kuma mai kaya ba ya kushe kayansa. Fara da rahoton masu binciken kuɗi na waje. Duba ko sun amince da lissafin ba tare da sharaɗi ba, ko sun nuna shakku a kan yiwuwar kamfanin ya ci gaba da aiki, da kuma abubuwan da suka ware a matsayin waɗanda suka fi ba su wahala a binciken. Daga nan takardun kuɗi da ƙarin bayanansu, sai sashen haɗurra, sannan a ƙarshe wasiƙar shugaba. Lokacin da ka iso gare ta ka riga ka san abin da ya tsallake. Akwai kuma wata dabara mai sauƙi da nake so ƙwarai: nemo wasiƙar shugaban ta shekara uku da suka wuce, ka fitar da alkawuran da ya yi, ka duba nawa aka cika. Babu hanyar auna shugabanci da ta fi wannan arha ga ɗalibi. In kamfanin na kasuwar Amurka ne, rahotonsa na shekara da ake kira 10-K yana nan kyauta a rumbun intanet na EDGAR na SEC, hukumar da ke sa ido a kan kasuwar hannun jarin Amurka. Sauran kasuwanni ma suna wajabta wallafa rahoto, kuma kusan kowane kamfani yana da shafin masu zuba jari a gidansa na intanet. Kada ka tsaya a shekara ɗaya. Uku ne mafi ƙaranci, biyar ya fi.

Yanzu batun kuɗi, inda na fi son ka natsu. Takardu uku ne: ta riba da asara, ta kadara da bashi, da ta shige da ficen tsabar kuɗi. Ɗalibai suna manne wa ta farko, suna leƙa ta biyu don lissafa ma'aunai, ta ukun kuwa ko kallo ba ta samu. Alhali riba lissafi ne da ya ƙunshi ƙiyasi da zaɓin akanta: yaushe za a ƙirga ciniki, shekara nawa za a raba kuɗin inji a kansu, kaso nawa na bashin da ake bi za a ɗauka ba zai dawo ba. Ana rubuta ciniki ranar da aka miƙa kaya, ko da mai saye bai biya ko sisi ba. Kamfani yana iya nuna riba shekara bayan shekara, ya kuma wayi gari babu abin biyan albashi.

Bari in ƙirƙira misali ka gani a kusa. A ce cinikin kamfani ya tashi daga miliyan 800 zuwa miliyan 1,000. Mai tattara bayani zai rubuta cewa ciniki ya ƙaru da kashi 25 cikin ɗari, alamar kamfanin na bunƙasa, ya wuce. Mai nazari zai juya zuwa takardar kadara ya duba bashin da kamfanin ke bin abokan cinikinsa. A ce ya tarar ya tashi daga miliyan 100 zuwa miliyan 200. Sai ya raba bashin da ciniki ya ninka da kwana 365. Bara kuɗi kan ɗauki kwana 46 kafin ya shigo, bana ya koma kwana 73. Wato daga ƙarin cinikin miliyan 200, rabi bai shigo aljihu ba. Ruwa ba ya tsami banza. Ko dai kamfanin ya sassauta sharaɗin ba da bashi don ya jawo masu saye, ko abokan cinikinsa sun shiga matsi, ko ya tura wa dillalai kayan da ba su nema ba a ƙarshen shekara don lissafi ya yi kyau. Aikinka shi ne ka koma cikin ƙarin bayanai ka nemo wanne ne, ka duba ko an ƙara kuɗin da ake warewa don bashin da ba zai dawo ba, ka kuma duba ko abokan gogayyarsa ma haka abin ya same su. In duk masana'antar ce ta shiga wannan hali, labarin na tattalin arziki ne. In shi kaɗai ne, labarin na kamfanin ne. Wannan bin diddigin shi malaminka ya nema bai gani ba.

Don haka ka jera riba da tsabar kuɗin da aikin kamfanin ya samar, shekara biyar, kafaɗa da kafaɗa. In suna tafiya tare, madalla. In riba na hawa tsabar kuɗi na tsaye ko tana sauka, ka samu zuciyar rahotonka. Amma kada ka tsaya nan, ka cire abin da aka kashe wajen sayen injuna da gine-gine ka ga me ya rage. Dalilina shi ne abin da ya faru da WorldCom, kamfanin sadarwa na Amurka. A watan Yunin 2002 ya bayyana cewa an ɗauki kimanin dala biliyan 3.8 na kuɗin yau da kullum, wanda yake biyan wasu kamfanoni don amfani da layukansu, an rubuta shi a matsayin kuɗin sayen kadara. Wannan cogen ya kumbura riba, ya kuma ƙawata tsabar kuɗin aiki, tunda an kwashe kashe-kashen an kai su wani ɓangare na takardar. Abin da bai iya ɓoyewa ba shi ne kuɗin da ya rage bayan an cire kuɗin yau da kullum da na sayen kadara duka. Wata guda bayan haka kamfanin ya shigar da takardun karyewa.

Ma'aunanka goma sha biyu kuma, ban ce ka zubar da su ba, amma ma'auni shi kaɗai ba ya magana. In ka ce tsantsar ribar kamfani kashi 3 ce cikin ɗari na cinikinsa, mai karatu bai san ko ya yi murna ko ya damu ba. Ga babban kantin sayar da kayan masarufi irin Walmart, wanda ribarsa ke yawo tsakanin kashi 2 zuwa 3, wannan lafiya ce. Ga kamfanin manhajar kwamfuta da ya daɗe a kasuwa, alamar ciwo ce. Kowane ma'auni yana buƙatar abokan kwatance biyu: kamfanin kansa a shekarun baya, da kamfanoni biyu ko uku masu irin sana'arsa. Ka kuma faɗi dalilin da ya sa ka zaɓi waɗannan kamfanonin. Daga goma sha biyun, biyar ko shida da suka shafi tambayarka ne za su zauna a cikin rahoto, sauran su koma rataye a ƙarshe.

Akwai wata hanya da ta samo asali daga kamfanin DuPont tun kusan shekara ɗari da suka wuce, wadda har yanzu ban ga abin da ya fi ta koya wa ɗalibi tunani ba. Ana ɗaukar ribar da kamfani ya samar a kan jarin masu shi, a warware ta gida uku: ribar da ke cikin kowane ciniki, saurin juya kadara zuwa ciniki, da yawan kadara idan aka gwada da jarin masu kamfani, wanda ke nuna nauyin bashi. In aka ninka ukun, ma'aunin farko ya dawo. A ce kamfanoni biyu kowanne ya samar da kashi 20 cikin ɗari a kan jari. Na farko ribarsa kashi 10 ce a ciniki, yana juya kadararsa sau 1 a shekara, kadararsa ta ninka jarinsa sau 2. Na biyu ribarsa kashi 2 ce, yana juya kadara sau 2, kadararsa kuma ta ninka jarinsa sau 5. A tebur sun yi kunnen doki. A zahiri na biyun da kuɗin mutane yake gudu, kashi huɗu cikin biyar na abin da ya mallaka bin sa ake yi, kuma ribarsa siririya ce, kuɗin kaya ya ɗan tashi ta ɓace. Lissafin minti goma ne, amma yana ba ka sakin layi mafi ƙarfi a rahoto.

Tunda an zo kan bashi, yawansa kaɗai ba ya ba da labari. Duba sau nawa ribar aiki ta ninka kuɗin ruwan da ake biya, yaushe manyan basussukan za su cika wa'adi, kuɗin ruwan tsayayye ne ko mai hawa da sauka, kuma da wane kuɗi aka ci bashin. Kamfanin da ke ciniki da kuɗin ƙasarsa amma ya ci bashi da dala, faɗuwar darajar kuɗi kaɗai tana iya cinye ribar shekara. Toys R Us, kantin kayan wasan yara na Amurka, darasi ne a nan. A 2005 wasu kamfanonin zuba jari suka saye shi, akasari da rance, aka ɗora masa bashin. Ya yi ta ɗaukar nauyin kusan dala biliyan 5, yana biyan kuɗin ruwa kimanin dala miliyan 400 duk shekara, a daidai lokacin da yake buƙatar kuɗin don gyara kantunansa da yin gogayya da masu sayarwa ta intanet. A watan Satumban 2017 ya durƙushe. Wanda ya ce intanet ce kawai ta kashe shi ya faɗi rabin labari.

Ka kula da tarkunan kwatance, suna kama har ƙwararru. Shekarar kuɗi ba ɗaya ba ce: ta Apple tana ƙarewa a ƙarshen Satumba, ta Walmart a ƙarshen Janairu. Ƙa'idojin lissafi ma suna sauyawa. Daga farkon 2019 ƙa'idar lissafi ta ƙasa da ƙasa mai suna IFRS 16 ta wajabta a rubuta yawancin yarjejeniyoyin haya a matsayin kadara da bashi, sai ga kamfanonin jiragen sama da manyan kantuna bashinsu ya yi tsalle a takarda ba tare da sun ci sabon rance ba. In jadawalinka ya ratsa wannan shekara, dole ka yi bayani. In kuma kamfaninka banki ne, ajiye ma'aunan masana'anta gefe, domin ajiyar mutane a wurin banki bashi ce, rancen da ya bayar kuma kadara. Can ana duba wadatar jari ne, da kason rancen da ya ƙi dawowa, da tazarar da ke tsakanin kuɗin ruwan da yake karɓa da wanda yake biya.

Teburin SWOT ba laifi ba ne, yadda ake cika shi ne matsalar. Na karanta ɗaruruwansu, kuma kusan duka abu ɗaya suke faɗa: ƙarfi, suna mai kyau da ƙwararrun ma'aikata, barazana, gogayya mai tsanani da sauyin manufofin gwamnati. Gwada wannan: rufe sunan kamfaninka, ka sa na abokin gogayyarsa a saman teburin. In har ya dace da shi ma, teburin bai faɗi komai ba. Kowane abu da ka sa a ciki ya zo da hujja da sakamako. In ka ce sunansa ƙarfi ne, nuna cewa ya ƙara farashi masu saye ba su gudu ba, ko ribarsa a kan kaya ta fi ta takwarorinsa shekara da shekaru. Kuma a ƙarshen nazari ake cika shi, a matsayin taƙaita abin da aka gano. Wanda ya fara da shi shaci-faɗi zai yi.

Tsarin da Michael Porter na jami'ar Harvard ya fitar a 1979 ya fi amfani wajen fahimtar masana'anta, in an riƙe manufarsa. Tambaya ɗaya yake amsawa: su wa ke da ƙarfin janye riba daga hannun kamfanonin wannan sana'a? Ya lissafa biyar: abokan gogayya na yanzu, sababbin masu shigowa, kayan da za su iya maye gurbin naka, masu kawo maka kaya, da masu saye. Ɗauki sufurin jiragen sama. Manyan jiragen fasinja kusan kamfanoni biyu ne ke ƙera su, Boeing da Airbus. Farashin mai ba ya hannun kamfanin jirgi. Fasinja yana kwatanta kuɗin tikiti a wayarsa cikin minti ɗaya ya zaɓi mafi arha. Kujerar da jirgi ya tashi da ita babu kowa ba za a sake sayar da ita ba. Da wannan kaɗai ka gane dalilin da ya sa ribar wannan sana'a siririya ce ko da jirage sun cika. Kada ka ba biyar ɗin sarari daidai wa daida. A yawancin masana'antu ɗaya ko biyu ne ke riƙe da wuyan riba, su za ka tsaya a kai. Ɗalibai sun fi raina na ukun, abin da zai maye gurbi, alhali shi ne ya kayar da Kodak, kamfanin Amurka mai yin fim ɗin ɗaukar hoto. Injiniyan kamfanin ne, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975, amma ribar Kodak a fim da wanke hoto take, kuma a watan Janairun 2012 ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi. Duk wanda ya kwatanta shi da sauran masu yin fim kaɗai ba zai hango abin da ke tafe ba.

Wata magana a gefe, amma tana ci mini rai. Ka yi hattara da ribar da kamfani ya yi wa kwaskwarima da kansa, wadda yake cire wasu kashe-kashe ya ce ba na kullum ba ne. Wani lokaci da gaskiyarsa, kamar gobara ko tarar kotu ta sau ɗaya. Amma kuɗin sake fasalin kamfani da ke dawowa duk shekara na kullum ne, ko me aka kira shi. WeWork, mai ba da hayar ofisoshi, ya tafka asarar kusan dala biliyan 1.9 a 2018 a kan kuɗin shiga na biliyan 1.8, duk da haka yana nuna wa masu zuba jari wani ma'auni na kansa da ya cire har kuɗin talla da na gudanarwa. Da ya fitar da cikakkun takardunsa a 2019 don shiga kasuwar hannun jari, mutane suka karanta, shirin ya rushe cikin makonni. Ko sa hannun masu binciken kuɗi ba hujja ce ta ƙarshe ba. Wirecard, kamfanin biyan kuɗi ta intanet na Jamus, ya yi shekaru ana amincewa da lissafinsa yayin da 'yan jaridar Financial Times ke ta nuna alamun tambaya, sai a watan Yunin 2020 aka tabbatar cewa Yuro biliyan 1.9 da aka ce suna ajiye a bankunan Filifin babu su. Ba ina cewa ka zargi kamfaninka da zamba ba, mafi yawan kamfanoni lissafinsu na gaskiya ne. Ina so ne ka nemi aƙalla majiya ɗaya da ba daga bakin kamfanin ta fito ba: rahoton hukumar da ke sa ido a masana'antar, rahoton abokin gogayya, ko jarida mai mutunci.

In aikinku ya haɗa da shawara kan sayen hannun jari, raba tambaya biyu da ake yawan cakuɗawa: kamfanin yana da kyau, kuma farashinsa ya dace? Cisco ya zama kamfani mafi daraja a duniya na ɗan lokaci a watan Maris na 2000. Kamfanin bai mutu ba, ya ci gaba da sayar da kayan sadarwa yana cin riba, amma hannun jarinsa ya faɗi da fiye da kashi 80 cikin ɗari kafin ƙarshen 2002, kuma wanda ya saya a ƙololuwa ya jira fiye da shekara ashirin farashin bai dawo ba. A matakinka, kwatanta farashin hannun jari da ribar da kowane hannu ya samar, ka gwada da na takwarorinsa, ya wadatar. In an ce ka yi hasashe, rubuta zatonka a fili: ciniki zai ƙaru da kaza saboda kaza. Sannan ka nuna yadda sakamakon zai sauya in zaton bai tabbata ba. Malami ya fi daraja hasashe mai sauƙi da aka bayyana tushensa a kan teburi mai cike da alƙaluman da ba a san inda suka fito ba.

Wajen rubutu, shafin farko shi ne taƙaitawa, amma shi ake rubutawa a ƙarshe. Mai karatu ya samu amsarka a layukan farko: ga tambayar, ga hukuncina, ga dalilai uku, ga babban haɗarin da zai iya rushe hukuncin. Kada ka ɓoye amsa zuwa shafi na goma sha biyar. Bayansa sai gajeren bayanin kamfani da inda ribarsa ke fitowa, masana'anta, nazarin kuɗi, haɗurra, sannan shawara. In malaminku ya ba da nasa tsari, nasa za ka bi. Kowane sakin layi ya fara da abin da ka gano, hujja ta biyo baya, sai ma'anarsa ga tambayarka. Maimakon ka rubuta cewa teburi na 4 yana nuna bashin da ake bin abokan ciniki, rubuta cewa rabin ƙarin cinikin bana bai shigo a tsabar kuɗi ba, domin kwanakin karɓar bashi sun tashi daga 46 zuwa 73 alhali na takwarorinsa ba su motsa ba. Haka taken jadawali, ya faɗi abin da ake son a gani a ciki. Kowane adadi ka rubuta inda ka samo shi, har da lambar shafi, ka kuma bambanta wanda kamfani ya wallafa da wanda kai ka lissafa. In ka yi amfani da manhajar ƙirƙirarriyar basira wajen tsara tunani, duba dokar makarantarku tukuna, kuma duk adadin da ta ba ka sai ka gan shi da idonka a rahoton kamfanin, domin tana iya ƙago lamba ta faɗe ta da cikakken tabbaci.

Shawarar ƙarshen rahoto ta fito daga abin da ka gano. Cewa kamfani ya inganta talla ya rungumi fasaha magana ce da za a iya yi wa kowa. In matsalar da ka bankaɗo ta karɓar bashi ce, shawarar ta tsaya a kanta: a rage wa'adin biya, a sa iyaka ga manyan masu cin bashi, kuma ka yarda a rubuce cewa hakan zai iya rage ciniki na ɗan lokaci. Ka kuma faɗi abin da in ya faru za ka sauya ra'ayi, misali in kwanakin karɓar bashi suka dawo ƙasa da 50 a rahoton rabin shekara mai zuwa. Ɗalibai suna tsoron ɗaukar matsaya kada su yi kuskure, sai su ƙare da cewa kamfanin yana da ƙarfi yana kuma da rauni. Ba a ba da maki don gaba ta gaskata ka, ana bayarwa ne don hujjarka ta ɗauki hukuncinka.

Kafin ka sake rubuta rahoton gaba ɗaya, shirya shafi guda: tambayarka, amsar da kake zato, da teburin riba da tsabar kuɗi na shekara biyar tare da na abokan gogayya biyu. Kai wa malaminka wannan a lokacin ganin ɗalibai. In ya amince da tambayar, sai ka ci gaba. In ya ce ta yi faɗi, ka matse ta tun kana da sauran lokaci. Allah ya ba da sa'a.